Birkin Dattijuwa

"Wai motar nan, in ta tashi, tana tsayawa kuwa?"

Tela ne ya yi tambayar daga ƙofar shagonsa, kuma ba da Amarya yake ba. Ita tana tsugune a bayan get tana wanke kofunan shayi, maganar ce ta tsallako katanga ta same ta. Sai ta ji mijinta ya yi dariyar nan tasa mai fitowa ta hanci.

"Tela, ka tsaya a kan zare da allura. Motar da ta shekara hamsin tana tsayawa, yau ne za ta manta?"

"To shekaranjiya me ya sami get ɗinku?"

"Get ɗin ne ba a dasa shi daidai ba. Tun Baba na da rai nake faɗa."

Amarya ta ɗaga ido ta dubi get ɗin. Ɓari guda ya loɓa kamar murfin tukunyar da aka taka. A gabanta abin ya faru. Mijinta ya dawo da mahaifiyarsa, Inna, daga ganin likitan ido, ya taka birki, fedar ta tafi ƙasa luf kamar an taka burodi, motar ta shigo gida da get a goshinta. Inna ba ta ce komai ba sai, "To, mun iso."

Injiniya ake ce wa mijin nata a duk layin, alhali a shagon kwafin takardu yake aiki. Sunan ya samo asali tun ranar da ya gyara fankar falo, ta koma juyi da baya, tana kwashe iska tana kai wa silin. Mutane da tsokana suke faɗa, shi kuwa har ya sa an buga masa a jikin kofin shayinsa. Ita ma shekararta ɗaya da rabi a gidan, amma har yau Amarya ake kiranta, don ba a taɓa jiyo muryarta daga wani ɗaki ba.

Motar kuwa ta marigayi mahaifin Injiniya ce. Koriya, mai ƙusumbin baya, da fitilu zuru-zuru kamar na wanda aka ba labarin mamaki. Dattijuwa suke ce mata. Birkin hannunta ya tsinke tun kafin a haifi Amarya, dutse ake kanga mata. Kullum da yamma Inna takan buɗe ƙofar gaba, ta zauna a kujerar da ta saba zama lokacin da mijinta ke tuƙi, ta kunna rediyon da ba ya kama komai sai shuuu, ta yi rabin awa. In ta fito, fuskarta a sake take. Amarya ce ke kai mata shayi can, shi ya sa ta sani.

A ranar ta Laraba da yamma sai ga Yaya Babba, wan Injiniya, mutum mai gajeriyar magana. Ya zo da bakanike. Injiniya ya ruga ya rungume bonet.

"Yaya, ina raye a kawo bakanike gidan nan? Me za a ce a layi?"

"Abin da ake cewa yanzu."

"Ba mai taɓa motar Baba sai jininsa!"

Bakanike ya ɗaga kafaɗa, ya hau babur ɗinsa ya yi gaba. Yaya Babba ya cire gilashi ya goge, ya mayar.

"To saurara. Ba zan bar Inna ta ci gaba da shiga akwatin da ba ya tsayawa ba. Ran Asabar bayan la'asar zan zo da mai sayen tsofaffin ƙarafa. Da ƙafata zan taka birkin nan. In ya kama, ta zauna. In ya nutse, a kilo za ta tafi."

"Kwana uku? Yaya, ka raina ni. Awa uku ma da rara."

Inna na cikin motar, duk ta ji. Ta ƙara ƙarar rediyo.

Akwai abu biyu da Amarya ta sani, kuma ba wanda ya tambaye ta. Na farko, marigayi babanta bakanike ne, kuma tun tana 'yar shekara tara ita ce ƙafarsa. In zai fitar da iska daga birki, ita yake ɗorawa a kujerar direba, ya sa mata filo a baya, shi ya kwanta a ƙasa yana ba ta umarni. Na biyu, kullum in tana shara takan ga wani ɗan jiƙaƙƙen tabo a ƙarƙashin tayar baya ta hagu, wadda ke manne da katanga. Bai fi faɗin murfin kwalba ba. Tururuwa ma kewaye shi suke yi.

Ran Alhamis da safe ta tattara duk ƙarfin halinta ta kai masa shayi bakin mota.

"Maigida, akwai wani ɗan laima a wajen tayar can..."

"Kyanwar Tela ce. Na san da ita. Ajiye nan."

Ya riga ya gano cutar. Wai ba birkin ne ya yi laushi ba, fedar ce ta yi wa ƙafa nisa, kafin ƙarfi ya iso gare ta ya gaji a hanya. Ya yanko guntun katako daga ƙafar tsohon benci, ya ɗaure shi a kan fedar da waya, ya ƙwala wa Tela da Mai Kankana kira su zo su ga ilimi. Mai Kankana ya jingine baronsa ya leƙo. Injiniya ya taka. Fedar ta tafi ƙasa luf, da katakon da komai.

"Yanzu ta fi saurin nutsewa," in ji Tela.

"Ka ga an samu ci gaba ke nan. Da sai ka jira."

"Bencin kuma fa?" in ji Mai Kankana. "A kansa muke zama."

"Ku zauna ta ɓangaren da ke da ƙafa."

Kafin ya tafi shago wata dabarar ta faɗo masa. Ya buɗe ɗan kofin man birki da ke cikin bonet, ya tsoma yatsa, ya girgiza kai. Wai man ya tsinke, ya zama ruwa-ruwa, ta ina abu mai ruwa zai yi tauri?

"Amarya! Me kike sa wa rigunana suke miƙewa?"

"Sitaci."

"Yawwa. Abin da ya tsayar da riga zai tsayar da mota. Kafin in dawo ki dama mini kofi biyu, mai kauri."

Ta san in sitaci ya shiga jijiyoyin motar nan, ko babanta ya dawo duniya ba zai iya da ita ba. Ta kuma san bakinta ba zai iya cewa a'a ba. Sai ta ɗauko ledar sitacin gaba ɗaya, ta dama a babban baho, ta kwaso duk abin da mijinta ya mallaka na sawa. Riguna, wanduna, singileti, safa, hankici, har tawul. Da ya dawo da yamma ya tarar da kayansa a kan igiya sun sandare kamar sojoji a fareti.

"Ina sitacina?"

Ta nuna igiya, kanta a ƙasa. "Na ga duk sun yi laushi."

Ya ƙwanƙwasa wando da yatsa, wandon ya amsa. Ya ce ba komai, gobe zai sayo wani. Amma Injiniya ba ya kwana da dabara ɗaya. Kafin safiya ya kalli rabin wani bidiyo a waya, cikin yaren da ba ya ji, cajin ya ƙare daidai inda mutumin ya fara bayani.

Ran Juma'a ya fito yana tafiya kamar ƙyaure, hannuwa a bubbuɗe, wando na ƙara ƙwaras-ƙwaras. Tela ya ajiye almakashi ya riƙe ciki.

"Birki bai yi tauri ba, mai birki ya yi!"

"Yi dariyarka. Na gano ta. Iska ce."

"Iska? To a kira mai addu'a mana."

"Ba irin wannan ba! Iskar shaƙa. Ta shiga cikin man birki. Kowace taya tana da ɗan noti a bayanta, in ka kwance, wani ya taka, sai iskar ta fita. Shiga ka taka mini."

Ya sayo kwalaben man birki har shida, ya jera su a kan katanga don masu wucewa su gani. Sai dai wandon ya ƙi lanƙwasuwa. Ya yi ƙoƙarin tsugunawa sau uku, a ƙarshe ya faɗi gaba ɗayansa kamar allo, Mai Kankana ya kama ƙafafunsa ya tura shi ƙarƙashin mota kamar ana sa tire a oben.

"Tela, taka!"

Tela ya taka.

"Riƙe!"

To, shekara talatin ke nan ƙafar Tela na kan keken ɗinki. Ƙafar da ta saba in ta sauka sai ta tashi, in ta tashi sai ta sauka. Tana jin feda a ƙarƙashinta ta kama aikinta, ƙat-ƙat-ƙat-ƙat, har hannuwansa suka fara tura yadin da babu a kan sitiyari.

"Na ce riƙe!"

"Ina riƙewa! Ita ce ba ta riƙe ba!"

Man birki ya riƙa tsartuwa daga notin, tsit, tsit, tsit, daidai da bugun ƙafar Tela. Na farko ya sami Injiniya a goshi, na biyu a kunne, na uku ya shiga bakinsa yana tsakiyar zagi. Ya fito da rarrafen baya yana tofar da yawu, ya dafa gefen mota da jiƙaƙƙen hannu, ya goge da hannun riga. Man birki kuwa cin fenti yake. Kafin ya gama kurkure baki, shatin yatsunsa biyar ya fito raɗau a jikin koren fentin.

"Ka sa hannu a aikinka," in ji Mai Kankana. "Haka manyan injiniyoyi ke yi."

Aka sallami Tela, aka kira Amarya. Ta shiga ta zauna, ƙamshin tsohuwar kujera da man birki ya bugi hancinta, sai ta ji kamar tana da shekara tara. Ƙafarta ta tuna da kanta: a taka, a riƙe, na ƙasa ya buɗe noti, ya rufe, sannan a saki. In aka saki noti na buɗe, iskar da aka kora ce za ta dawo da 'yan uwanta.

"Taka!" Ta taka. "Saki!"

Ba ta ji ƙarar sifana ba, ta san bai rufe ba. Ta ci gaba da dannewa.

"Na ce saki! Wancan ba ya riƙewa, ke ba kya saki. Wai ni kaɗai ne mai hankali a layin nan?"

"Ai babana yakan fara rufe..."

"Baba na zamanin da ne, Allah ya jiƙansa. Yanzu ilimi ya ci gaba. In ba ki saki ba, ta ina sabuwar iska mai kyau za ta shiga ta kori tsohuwar?"

Ta saki. Har ta ji ɗan sautin, fyuu, motar ta ja numfashi.

Haka suka yi taya uku. Bai leƙa kofin man ba ko sau ɗaya, har ya ƙafe ya fara ƙugi kamar mai shan ragowar lemo da tsinke, sannan ya bulbula masa rabin kwalba. Ta huɗun, ta baya ta hagu, tana manne da katanga, wando kuma ya ƙi ba shi hanya.

"Maigida, saura waccan."

"Uku sun amince, ɗaya ba za ta ja da su ba. Ko a taro masu rinjaye ake bi."

Ya shiga ya taka. Luf. Ya sake. Luf. Haushi ya kama shi ya riƙa dukan fedar ba ƙaƙƙautawa, sai a bugu na goma sha biyu ta ɗan cije a can kusa da ƙasa. Ya yi tsalle har kansa ya bugi rufi.

"Ta kama! Tela! Ta kama! Ashe ƙirga take so. Sha biyu. Tsofaffin motoci haka suke, sai an gaishe su sau da yawa kafin su amsa."

Bai iya jiran la'asar ɗin Asabar ba. Tun da hantsi ya aika aka kira Yaya Babba, ya bi shago-shago yana gayyata. Layin nasu gangare ne, daga ƙofar gidansu ya sulala har wajen tulin yashin masu gini. Ya ja layi da alli a tsakiyar gangaren, ya cire agogonsa ya ajiye a kan layin.

"In taya ta taɓa agogon nan, ku daina ce mini Injiniya."

"Mu ce maka me?" wani ya tambaya daga baya.

"Ba za a kai ga nan ba."

Ya bayyana tsarin. Daga falwayar lantarki zai fara ƙirga, bugu goma sha biyu, mota ta tsaya cak. Don ƙarin kariya kuma ya ɗauro bulo da igiya ya ajiye a gaba, wai jiragen ruwa ma da haka suke tsayawa. Ya buɗe ƙofa ya rusuna.

"Inna, bismillah. Kujerarki."

Inna na zaune a kujerar roba a bakin get. "Ni na haife ka," in ji ta. "Daga nan zan kalla."

Ya dubi Amarya. Amarya ta shige bayan Inna ta kama gyara mata ɗankwalin da ba abin da ya same shi. A ƙarshe Tela aka tura, don ya zama shaida, ya kuma riƙe bulo. Ya shiga yana cewa a gaya wa mai rigar ruwan toka aikinsa na kan teburi, saura maɓallai.

Aka janye dutse. Dattijuwa ta yi tari sau biyu, ta tashi, ta fara gangarawa a hankali, cikin mutunci. Da suka zo falwaya Injiniya ya leƙo da kai ta taga.

"Ɗaya! Biyu! Uku!"

Jama'a suka kama masa. "Huɗu! Biyar! Shida!"

A na bakwai wayar da ta riƙe katakon nan ta tsinke. Katakon ya sulluɓe ya shige ƙarƙashin fedar ya zauna daram. Jama'a suka ci gaba, "Takwas! Tara!" amma daga cikin mota ba a ƙara jin ƙirga ba, sai, "Tela, katako! Ciro katako!"

"Da wane hannun? Ina riƙe da bulo!"

"Sha biyu!" jama'a suka yi ihu, har da tafi.

Ƙaras. Tayar gaba ta bi ta kan agogo. Ƙaras. Ta baya ta tabbatar.

"Jefa bulo! Jefa!"

Tela ya wurga bulo ta taga. Sai a lokacin aka gane inda Injiniya ya ɗaure ɗaya bakin igiyar: a hannun ƙofar da Tela ke jingine. Bulo ya maƙale a bakin kwalbati, igiya ta miƙe, ƙofa ta wangale, Tela ya fito ya zauna a tsakiyar titi, ƙafarsa ta dama na ta bugun iska ita kaɗai. Igiya ta tsinke, mota ta wuce.

Ba wani gudu take ba, mai saurin tafiya zai iya jerawa da ita, wasu ma sun jera suna ba da shawara ta taga.

"Sa giya ɗaya!"

"Kashe ta!"

"Fito ka riƙe ta!"

Mai Kankana na can ƙasa da baronsa, ya waiwayo ya ga fitilun nan biyu sun nufo shi. Maimakon ya kauce gefe, sai ya kama baro ya miƙe gangare da gudu. Ya yi dama, hanyar ta yi dama. Injiniya na danna hon, hon ɗin na kuka kamar akuya mai mura.

"Kauce!"

"Kai ka tsaya!"

"Ban gama ƙirga ba!"

A bakin tulin yashi aka haɗu. Mai Kankana ya yi tsalle ya haye yashin, baro ya kife, Dattijuwa ta cusa hancinta cikin yashi ta yi ajiyar zuciya ta mutu. Kankana guda ta hau bonet, ta mirgino, ta fashe a jikin gilashi daidai fuskar Injiniya. Sauran suka ci gaba da gangarawa, mutane na bin su.

Yaya Babba ya tako a hankali, ya tsinci abin da ya saura na agogon, ya miƙa wa ƙanensa ta taga.

"La'asar," in ji shi.

Maza shida suka turo motar gida. Da yake da baya suka shigo da ita, sai ta tsaya a juye, tayar nan ta hagu ta koma ɓangaren fili. Injiniya ya tafi raka Tela kemis a duba masa ƙugu, daga nan kuma akwai zaman ba Mai Kankana haƙuri, wanda kowa ya san zai ɗau lokaci. Inna ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, ba ta ko kalli motar ba.

Amarya ta tsaya a tsakar gida ita kaɗai. Ta dubi kwalabe uku da suka rage a kan katanga. Ta dubi ƙofar Inna. Sai ta ja get ɗin iya inda zai rufu, ta ɗaura tsohon zane, ta shimfiɗa kwali a gindin tayar.

Ga shi nan kuwa. Inda siririn bututun ƙarfe ya shiga bayan tayar, notin da ya haɗa su ya jiƙe sharkaf, ƙura ta manne masa ta yi baƙi. Ta taɓa shi da yatsa ya motsa. Ta ɗauko sifana mai lamba goma ta ɗaure shi, ko juyi ɗaya bai cika ba. Kwana uku, da benci, da agogo, da kankana goma sha wani abu, duk saboda wannan ɗan notin.

Saura iskar da mijinta ya tara. Ta zare katakon ta jefar, ta cika kofin man, ta sa guntun tiyo a kan notin fitar da iska na tayar da ta fi nisa da kofin, ta tsoma ɗaya bakin a kwalba. Ba ta da mai taka mata, sai ta danna fedar da sandar mofa ta tokare da kujera, ta zagaya ta kwanta. Tana kai hannu sandar ta zame, fal. Ta tashi ta sake. Ta sake zamewa. A karo na uku tana kwance, hawaye na neman zubo mata, sai ta ji motar ta ɗan nutsa, kamar an zauna. Ta ji fedar ta sauka sau uku a natse, ta tsaya.

"Na riƙe," in ji muryar Inna daga sama.

Kunya ta rufe Amarya har tafin ƙafa.

"Buɗe mana, 'yar nan, ƙafar tsohuwa ce. Shekara talatin ina taka wa ubansu. Ni sama na sani, ban san ƙasa ba."

Ta buɗe. Kumfa ta fito tana ɓulɓul a cikin kwalba. Ta rufe.

"Saki, Inna."

Ita kanta ta yi mamakin yadda muryarta ta fita. Haka suka bi tayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, tana tashi tana ƙara mai kada kofin ya ƙafe, har man ya riƙa fita garau ba ɗigon kumfa. A ta ƙarshe Inna ta ce, "Kai! Kamar na taka dutse." Ta fito, ta gyara zane, ta miƙa wa Amarya sabulu.

"Ki wanke har ƙarƙashin farce. Ni dai barci nake tun azahar."

Bayan la'asar Yaya Babba ya iso da mai ƙarafa da motar janwe, rabin layin na biye da su. Injiniya ya rakuɓe a jikin katanga, da 'ya'yan kankana biyu a gashinsa. Mai ƙarafa ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta kamar mai zaɓen kankana, abin da ya sa Mai Kankana ya kau da kai.

"Na yi alkawarin zan taka," in ji Yaya Babba. "Bari in cika."

Ya shiga ya kai wa fedar duka da duk ƙarfinsa, yana jiran ta nutse. Gwiwarsa ta amsa. Ya sake takawa. Ya leƙa ƙasa ko akwai katako. Ya tayar da motar, ya ɗan matsa gaba, ya taka. Dattijuwa ta tsaya cak, gilashinsa ya faɗo kan sitiyari. Ya fita da ita layi, ya gangara har layin alli, ya tsaya, ya dawo, ya sake. Sau uku.

Sai aka ga Injiniya na ɗagowa daga jikin katanga a hankali, kamar tayar da ake ba iska.

"To," in ji shi. "Yanzu kun gane."

"Mun gane me?" in ji Tela, yana dafe da ƙugu.

"Matakin ƙarshe. Girgiza. Iskar da ta daɗe a cikin mota ba ta fita da lallashi, sai an firgita ta. Kuna tsammanin yashin nan da ganganci... wato, ba da gangan na nufe shi ba?"

"Kankanata fa?"

"Sanyaya inji."

"Ni kuma da ka zubar a titi?"

"Rage nauyi. Tela, ba komai ake yi wa mai ɗinki bayani ba."

Aka fashe da dariya, wani ya jefe shi da ɓawon kankana. Yaya Babba bai yi dariya ba. Ya dubi ƙanensa, ya dubi Inna, Inna ta yi hamma. Ya dubi Amarya, ta sunkuyar da kai kamar kullum, hannuwanta a cikin mayafi.

"Mota ta zauna," in ji shi. "Ran Litinin bakanike zai duba ta, ya gyara birkin hannu. Kai kuma ko gogewa za ka yi, sai da izini."

Mai ƙarafa ya tafi yana tambaya ko za a sayar masa da get ɗin.

Da yamma Inna ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, rediyo na shuuu. Amarya ta kai mata shayi, ta koma kicin. Tana jiyo mijinta yana birkita akwatin kayan aiki, yana gaya wa Tela ta kan katanga cewa kafin bakanike ya zo ya ɓata masa aiki, gobe da asuba zai ɗan sassauta notin baya, don birkin ya yi tauri da yawa.

"Amarya! Kin ga sifanata mai lamba goma?"

Ta buɗe baki. Maganar ta taho har maƙogwaro, duka, daga filon da babanta ke sa mata a baya har kumfar ƙarshe a cikin kwalba. Sai ta hango shi ta taga, da 'ya'yan kankana a ka, yana zana wa Tela yadda iska ke firgita. Ta hango Inna ta jingina kai da kujera, idonta a lumshe.

"Amarya, da ke nake!"

Ta kunna famfo da ƙarfi, yadda kowa zai san ba ta ji ba. Ta jawo bokitin shinkafa, ta ƙara tura sifanar can ƙasa, ta baje shinkafa a kai, ta danne murfi. Injiniya bai taɓa buɗe bokitin nan ba tun da aka kawo ta gidan. Ta yanke a ranta cewa ko shi, ko Yaya Babba, ko bakaniken ran Litinin, ba wanda zai ji daga bakinta. Ta ɗora tukunya, ta auni shinkafar dare daga sama-sama.